Sa'o'in Maƙwabcina

Ƴar jami'a ta zo Jiratawa bisa babur,
Tsahara sunanta, laka har idon sawu.
Ta ba ni kaye da bik da agogon roba,
ta ce, "Baba Nomau, wanda ke bayan garkarka,
siririn nan mai zane biyu a gadon baya,
duk sa'ad da ya fito, rubuta mini ƙarfe nawa."

Na ce, ɗiyata, shekara tara muna maƙwabtaka,
sau uku na gan shi, ukun ma wutsiya.

Sai na yi dabarar mai dakon ɓarawo.
Na ɗebo rairayi daga gulbi, mangala biyu,
na shimfiɗa tsakanin zogale da bakin rijiya,
na share shi sumul kamar allon da aka wanke.
Wanda ba ya so a gan shi
bai isa ya hana ƙasa faɗin inda ya bi ba.

Da ɗari, malalaci ne.
Na yi asuba, na yi ban ruwa, na sha kunu,
allona fari fat.
Sai hantsi ya dubi ludayi
in tarar da layi guda, a karkace,
ya nufi tsohon bulo inda rana ke sauka.
Ƙarfe goma da kwata, na rubuta,
ko da yake shi bai san kwata ba.

Da bazara ya sauya shawara bai gaya mini ba.
Kwana goma sha ɗaya kayena na hamma.
Na ce ko shaho ya yi kalaci da shi,
ko yaran Mantau sun same shi da sanda.
Ashe tsakanin kiran farko da na biyu yake wucewa,
sa'ad da nake neman butata a duhu.
Ya sha raɓar da ke ƙarƙashin tiyo,
ya ɗauki ƙadangare ɗaya, ya koma,
kafin rana ta fara cin mutuncin kowa.

Ran wata Laraba na rantse sai na gan shi.
Na zauna bisa turmi tun sallar isha'i,
sauro ya yi biki a ƙafafuna,
wata ya faɗi, zakaran Hajiya Dije ya yi cara.
Ban ƙifta ba, wallahi, sai sau ɗaya.
Da gari ya waye
ga layinsa ya zagaye turmin,
ya bi ta kan takalmina na hagu.

Me zan rubuta a nan?
Ƙarfe nawa ne gyangyaɗin tsoho?

Da ruwa ya sauka gulbi ya kawo,
ciyawa ta rufe mana hanya mu duka.
Sai saɓarsa na tsinta jikin ƙayar magarya,
doguwa, shara-shara, har da gurbin idanu.
Na naɗe ta a tsakiyar kaye
a madadin watan da ba ni da labari.

Tsahara ta dawo bayan an yanke gero.
Ta buɗe, tana lissafi da leɓɓanta,
ta ce shafi ashirin da shida babu komai.
Na ce su ma ki tafi da su,
kwanakin da bai fito ba nasa ne.

Ta bar mini agogon. Batir ya mutu tuni.
Amma har yau in magariba ta gabato
ina ɗaukar tsintsiya in share rairayin,
in ce masa a kwana lafiya ban san ko yana ji ba,
da safe in zo in duƙa,
in ga ko ya amsa.